Wuƙar Sojan Yaƙin Duniya na Biyu: Mai Suna, Marar Suna, ko Ƙirar Fagen Fama, Wacce Za Ka Saya?

Duk wanda ya shiga harkar tara tsofaffin wuƙaƙen soja ba ya daɗewa sai ya iso wannan mararraba. Ga wuƙa irin wadda gwamnati ta raba wa sojojinta, ba suna ba ado, kuɗinta da dama-dama. Ga wata a gefenta, ƙira ɗaya ce, amma an zana sunan wani soja a ruwanta ko an sauya mata ƙota, dillali kuma yana ta zuba labarin yaƙin da ta halarta, farashi ya ninka. Zuciya takan fi karkata ga mai labarin, kuma a nan ne 'yan damfara suke ɗana tarkonsu. Ƙera wuƙar jabu tun daga tushe aiki ne mai wahala da tsada. Ɗaukar tsohuwar wuƙa ta ainihi a ƙara mata suna kuwa, aikin yini guda ne.

Zan yi bayanin ne a kan wuƙar Fairbairn-Sykes ta sojojin kundumbala na Birtaniya, domin ita ce aka fi nema, aka fi yi wa ado, aka kuma fi yi wa jabu. William Fairbairn da Eric Sykes tsofaffin jami'an 'yan sandan birnin Shanghai ne, kuma a watan Nuwamba na 1940 suka zauna da kamfanin Wilkinson Sword a Landan aka tsayar da fasalinta: ruwa mai baki biyu da tsini, tsawonsa kusan inci 7, da siririyar ƙota mai nauyi. Ƙira uku aka yi mata a lokacin yaƙin, kuma wanda bai haddace su ba bai kamata ya fitar da kuɗinsa ba tukuna.

Ƙirar farko ta fito a farkon 1941. Kariyar hannunta a lanƙwashe take kamar harafin S, akwai wani ɗan fili marar kaifi a gindin ruwan inda ake zana tambarin kamfani, ƙotar kuma ta tagulla ce mai ƙyasbi-ƙyasbi da aka lulluɓe da farin ƙarfe. 'Yan dubbai kawai aka yi. Daga watan Agustan 1941 aka koma ƙira ta biyu: kariyar hannu ta miƙe, filin gindin ruwa ya ɓace, ƙota dai tana nan ta tagulla. Wajen 1943 ta uku ta zo saboda buƙatar yawa da sauri, ƙotarta zubin tutiya ce mai zobba-zobba, kuma kamfanoni da yawa, musamman na garin Sheffield, suka shiga ƙera ta.

Ma'aunan da za ka auna kowace da su

Na farko, shekarun gangar jikin wuƙar: ruwa, kariya, ƙota, notin da ke ƙarshen ƙota, da kube, duk na zamani ɗaya ne? Na biyu, kuma shi ne zuciyar maganar, yaushe aka yi ƙarin da ke kanta? Wuƙa tana iya zama ta 1942 gangariya, sunan da ke jikinta kuma na bara. Na uku shaidar takarda, wato abin da zai haɗa wannan wuƙar da wancan mutumin, ba kawai ya nuna an taɓa yin soja mai wannan suna ba. Sai kuɗi da yadda za ka iya sake sayarwa, sai ƙarko da wahalar ajiya, sai doka da hanyar da kayan zai iso hannunka.

A kan ma'auni na biyu akwai abu guda da ya fi komai amfani: tsufa yana hawa kan zane, zane ba ya hawa kan tsufa. Ka samu madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ka karkata ruwan wuƙar a hasken taga. Idan zanen na da ne, za ka ga siraran kurjin shiga da fita kube sun ratsa ta kan haruffa, gefen haruffan ya yi laushi, ramukan tsatsa sun cinye wani ɓangare na wasu. Idan sabo ne, harafi zai gangara cikin ramin tsatsa ya fito a ɗaya gefen cif-cif, cikinsa fes, alhali ƙarfen da ke kewaye da shi ya yi duhu. Masu wayo sukan shafa wa sabon zanen ruwan da zai baƙanta shi, amma baƙin yakan zama launi ɗaya daga farko har ƙarshe, shi kuwa tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya.

Zaɓi na ɗaya: wuƙar gwamnati da ba a taɓa ba

Ita ce mai ɗauke da alamar kibiya ta mallakar gwamnatin Birtaniya, sau da yawa tare da lamba ko harafin mai duba kaya, irin su B2 da ake gani a kariyar hannu. A ƙira ta uku kuma akan ga ƙaramar lambar zubi, daga 1 zuwa 4, kusa da ƙarshen ƙota. Tantance ta ya fi sauƙi domin akwai dubban 'yan uwanta da za a gwada ta da su. Notin ƙarshen ƙota shi ne wurin fara dubawa. A masana'anta an matse shi an kuma daddake kan ƙarfen da ya leƙo, don haka sabon kurji mai sheƙi a jikinsa yana nufin an kwance wuƙar, kuma wuƙar da aka kwance tana iya zama haɗin gambiza: ruwan wannan, ƙotar waccan.

Akwai tambarin ENGLAND da ake samu a kariyar wasu. Mutane da yawa suna ɗaukarsa alamar jabu, ba haka ba ne. Bayan yaƙi an sayar da rarar da ta rage a rumbunan gwamnati zuwa Amurka, dokar can kuma ta wajabta sa sunan ƙasar da aka yi kaya. Wuƙar tana iya zama ta lokacin yaƙi, sai dai tambarin yana gaya maka ta hannun 'yan kasuwa ta fita, ba a jakar soja ta dawo gida ba. Idan kuwa ka ga doguwar lambar kaya ta NATO, wannan ta bayan yaƙi ce, tun da ƙungiyar ma sai 1949 aka kafa ta.

Kuɗi: ƙira ta uku ita ce mafi araha, ta biyu ta fi ta sosai, ta farko kuwa maganar dubban fam ake yi, shi ya sa ita ma ake yi mata jabu ba kaɗan ba. Ƙarko: ƙotar tagulla ba ta da matsala, ta tutiya kuwa takan kumbura ko ta tsage idan ta sha laima. Sake sayarwa ba wuya, domin mai saye na gaba ba sai ya yarda da labarinka ba, idonsa zai nuna masa.

Zaɓi na biyu: wadda Wilkinson da kansa ya zana wa suna

Wannan ita ce sarauniyar masu suna, kuma a nan zan daɗe. A lokacin yaƙin, hafsa ko soja yana iya shiga shagon Wilkinson da ke titin Pall Mall a Landan ya sayi tasa da kuɗinsa, ya kuma biya a zana masa sunansa, ko baƙaƙen farko na sunan, a cikin wani zane mai kama da naɗaɗɗen ƙyalle a jikin ruwan. Sojojin Amurka da Kanada da suka zauna a Ingila kafin a tsallaka Faransa sun yi wannan sosai. Yawancin irin waɗannan ƙira ta biyu ce. Da yake sayen kai ne, ba lallai a ga kibiyar gwamnati a jikinsu ba, kuma rashinta a nan ba aibi ba ne.

Abin da ya sa ake iya tantance wannan rukunin shi ne hannu ɗaya ya yi aikin. Da asid aka ci zanen sunan, kamar yadda aka ci tambarin kamfanin da rubutun F-S, wato Fairbairn-Sykes, da ke gindin ruwan. Saboda haka zurfin sunan, launinsa da yadda ya goge ya kamata su yi daidai da na tambarin. Tambari ya dushe suna yana ƙyalli, to ba tare aka haife su ba. Zanen na'urar leza kuma a ƙarƙashin madubi yakan nuna ɗige-ɗige ko layuka jere reras, ita leza kuwa sai 1960 aka ƙirƙiro ta.

Bayan ƙarfe sai suna. Hafsoshin Birtaniya ana samun naɗinsu a jaridar gwamnati ta London Gazette. Wanda ya mutu a yaƙin yana cikin kundin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwels. Lambar sojan Amurka ma tana magana: ta hafsa tana farawa da harafin O, ta wanda ya shiga da kansa yawanci da 1, ta wanda aka kira dole da 3. Sai dai ka lura da abu biyu. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun sojojin Amurka da ke St. Louis a watan Yulin 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, don haka rashin samun fayil ɗin sojan Amurka bai isa ya ƙaryata wuƙa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, duk kundin da ka iya buɗewa, ɗan damfara ma ya iya, kuma daga nan yake tsinto sunayen. Samun suna a kundi rabin shaida ne. Cikonta shi ne wasiƙar iyali, hoto, takardar sallama, ko takardar gwanjon da aka fara fitar da kayan mutumin gaba ɗaya.

Sannan ka gwada labarin da kalanda. Farmakin tsibiran Lofoten na ƙasar Norway a watan Maris na 1941 aka kai shi, lokacin ƙirar farko ce kaɗai a duniya. Na St Nazaire da ke Faransa a watan Maris na 1942, ƙira ta uku ba ta fito ba. Duk wanda ya miƙo maka mai ƙotar zobba ya ce da ita aka je ɗaya daga cikin waɗannan, ka mayar masa da abinsa cikin mutunci. Haka mai tambarin ENGLAND da aka ce wai kakan wani ne ya dawo da ita daga Normandi.

Kuɗinta ya fi na 'yar uwarta marar suna, kuma yana ƙara hawa idan sunan na wata shahararriyar runduna ne. Haɗarin yana hawa tare da shi. Sunan wani magatakarda a sashen sufuri bai cika zama jabu ba, domin babu riba a ƙirƙiro shi. Sunan ɗan SAS, wato rundunar musamman ta Birtaniya, ko ɗan kundumbala shi ne wanda ya kamata ka bi da zargi har sai takarda ta wanke shi.

Zaɓi na uku: ƙirar fagen fama

Nan ne wuƙaƙen da soja ko makanikin jirgi ya gyara ko ya ƙera da hannunsa. An fi samun su daga fagen tekun Fasifik. Ƙotar wuƙaƙen Amurka irin Ka-Bar da M3 da zobban fata ake haɗa ta, laimar daji kuma takan ruɓar da ita, sai a maye gurbinta da abin da ke kusa: gutsattsarin robar gilashin tagar jirgin sama, goran-ruwa daga tarkacen jirgi, kwabbai, wani ma har da hoton matarsa a ƙarƙashin robar. Wasu ruwan ma daga tsohon magagari ko guntun banati aka fitar da shi.

A ganina babu rukunin da ya kai wannan taɓa zuciya, domin hannun mutumin yana jikin abin. Babu kuma wanda ya kai shi wuyar tantancewa. Kowace ita kaɗai ce irinta, ba ta da 'yar uwar da za a gwada ta da ita, kuma kama da wane ba ta wane. Abin da za ka iya yi shi ne neman abin da zai ƙaryata ta. Kwabon da ke ƙota idan shekararsa ta wuce 1945, magana ta ƙare. Gam mai kama nan take sai 1958 ya shiga kasuwa. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita tana da amfani a nan: sabon gam da zaren roba na zamani sukan yi walƙiya a ƙarƙashinta, tsohon zaren auduga ko na lilin da aka ɗinke kube da shi kuwa yakan zauna shiru. Tsohuwar robar gilashi tana da 'yan ƙananan tsage-tsage a cikinta. Inda tagulla ta daɗe tana gugar fata za ka ga kore-kore mai kauri da ya shige cikin ɗinki, ba wanda aka shafa a sama ba. Ka kuma zura wuƙar a kubenta a hankali: kuben da ya shekara tamanin da wuƙa ɗaya ya ɗauki siffarta, bakinsa ya goge daidai inda kariya take zama.

Ko ta tsallake duk wannan, iyakar abin da ka tabbatar shi ne tsohuwa ce. Ba ka tabbatar a fagen yaƙi aka yi ta ba, domin tsofaffin sojoji sun ci gaba da irin wannan aikin hannu a gidajensu bayan an sallame su. Shi ya sa kuɗin marar takarda bai kamata ya yi nisa ba, kuma sake sayar da ita sai an dace da mai so.

Akwai wani reshe na wannan rukunin da ya shafe mu kai tsaye. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama, kuma bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga cikin Chindit, rundunar musamman da take kutsawa bayan sojojin Japan, a 1944. Hausa ce ma harshen da yawancin sojojin Najeriya suke mu'amala da shi a bariki. Kayan da suka fi dogaro da shi a dajin shi ne adda, ba siririyar wuƙar kundumbala ba. Don haka wuƙar da aka rubuta wa Chindit a kasuwar intanet tana buƙatar shaida mai ƙarfi. Amma adda ko wuƙar da ta fito daga akwatin tsohon sojan Bama a gidanku, tare da littafin sallamarsa, da lambar yabo ta tauraron Bama, da lambarsa ta soja mai farawa da NA, tana da irin shaidar da masu tara kaya a Turai suke nema ido rufe. Ko da wani baduku ya sake mata kube a Kano ko Zariya bayan dawowarsa, wannan ma cikin tarihinta yake. Kada a raba ta da takardun.

Zaɓi na huɗu: sabuwar ƙira da ba ta ɓoye kanta ba

Har yau ana ƙera wannan wuƙa a Sheffield da tsofaffin sunaye irin su J. Nowill & Sons mai tambarin makullai biyu a gicciye. Araha ce, ƙarfenta lafiya lau, ba ta da darajar tarihi kuma ba ta yi da'awarta ba. Matsala tana tasowa ne kawai idan wani ya saye ta ya binne a ƙasa ta yi tsatsa, ya buga mata kibiya, ya fito da ita a matsayin ta 1943.

Ban sa wuƙaƙen ado na Jamus na zamanin Hitila a jerin ba, da gangan. Bayan nauyin abin da suke wakilta, da dokar Jamus da ta hana baje alamominsu a fili, kasuwarsu ta fi kowace cika da jabu. Bayan yaƙi an yi ta harhaɗa ragowar sassan da aka samu a masana'antun garin Solingen na Jamus ana sayar wa sojojin ƙawance a matsayin tsaraba. Masu rubutun sadaukarwar Ernst Röhm, shugaban dakarun jam'iyyar Hitila, kuma, an ba da umarnin goge rubutun bayan kashe shi a 1934, don haka mai cikakken rubutu ta yi ƙaranci, masu sake zana shi kuma sun yi yawa. Ba wurin ɗan koyo ba ne.

| Zaɓi | Kuɗi | Haɗarin jabu | Sauƙin tantancewa | Ƙarko | Sake sayarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Ta gwamnati, marar suna | Daga araha zuwa tsada, gwargwadon ƙira | Matsakaici, babba a ƙirar farko | Da sauƙi | Tagulla mai kyau, tutiya sai da kula | Da sauƙi |
| Mai zanen Wilkinson | Mai tsada | Babba | Yana yiwuwa, da madubi da takarda | Mai kyau, in ba a goge zanen ba | Da sauƙi in akwai shaida |
| Ƙirar fagen fama | Ba tsayayye ba | Babba ƙwarai | Da wuya | Ya danganta da kayan haɗi | Sai an dace |
| Sabuwar Sheffield | Araha | Babu, in daga mai ƙira ka saya | Ba a buƙata | Mai kyau ƙwarai | Da asara |

Ajiya da hanya

Kowace ka zaɓa, kada ka kai ta wurin mai washi, kada ka sa mata sanfefa ko man goge tagulla. Duhun da ke jikinta shi ne shaidar shekarunta, goge shi yana zubar da kuɗinta yana kuma shafe abin da mai tantancewa zai karanta. Ɗan siririn kakin adana kayan tarihi ya isa. Kada ka bar ruwan a cikin kube tsawon damina, fata tana riƙe laima. Da hunturu kuma fatar ce ke bushewa ta tsage, sai a nisanta ta da rana da iska.

Ta fuskar doka, Birtaniya ta haramta cinikin wuƙaƙe masu ƙotar naushi, wadda ake zura yatsu a cikinta, da makamantansu sai waɗanda suka haura shekara 100, wato na Yaƙin Duniya na Farko sun shiga rangwamen, na yaƙi na biyu ba su kai ba tukuna. Kafin ka biya, ka tambayi kwastam na ƙasarka da kamfanin da zai ɗauko kayan ko za su yarda. Kuma kada ka yi cinikin biri a sama: ka nemi hotunan noti, gindin ruwa ta fuska biyu, bakin kube da bayansa, sannan a rubuta maka cewa za a karɓi kaya a mayar da kuɗi idan masani ya ce ba haka ba ne. Dillalin da ya ƙi rubuta wannan ya riga ya ba ka amsa.

Wacce ta dace da wa

Idan wannan ce wuƙarka ta farko, ka sayi ƙira ta uku ko ta biyu marar suna daga dillalin da ke karɓar kayansa. Da ita idonka zai koyi yadda tsufan gaske yake, kuma ko ka yi kuskure asarar ba za ta karya ka ba.

Idan kana ajiye kuɗi ne a cikin kaya, ƙira ta biyu mai tambarin Wilkinson, ko mai zanen suna wadda takardunta suka zo tare da ita daga hannun iyali ko sanannen gidan gwanjo. In takarda ba ta nan, ka biya kuɗin marar suna kawai, ko da sunan wa ke jiki.

Idan labarin ɗan Adam ne ya ja ka, kuma ba ka damu da riba ba, ƙirar fagen fama za ta fi gamsar da kai, muddin ka saye ta a farashin tsohuwar wuƙar hannu.

Idan don ado a falo ne, ko kyauta ga wani soja da ya yi ritaya, sabuwar Sheffield ta wadatar, har kana iya sa a zana sunansa a kai tare da shekarar da aka yi zanen, don kada ta ruɗi wani nan gaba.

Wanda kuma ya gaji ta kakansa, ba saye ne a gabansa ba. Ya zauna da dattawan gidan da suka san mutumin, ya rubuta sunansa, lambarsa, bataliyarsa da abin da suka ji daga bakinsa, ya sa kwanan wata, ya ɗauki hoton wuƙar tare da takardun, ya ajiye su wuri ɗaya.